Ranar da Mujitaba Ya Fyace Rijiyar Tsamiya

Na rantse da Wanda ya busa mini numfashi, in na ba ku labarin nan cewa za ku yi daga cikin hulata na zaro shi. To, ku hau mota ku sauka a Yako, ku tambayi hanyar Unguwar Gangare. In kun isa, ku sami kowane dattijo a ƙofar masallaci ku ce, "Baba, ina labarin ruwan Mujitaba?" In bai gyara zama ba kafin ya amsa, ku dawo ku kira ni maƙaryaci.

Bazarar shekarar nan da fushi ta zo. Rafin bayan gari, wanda a da ko a tsakiyar rani ka tona yashinsa da ƙoƙo ruwa zai tsattsafo, masu tifa sun kwashe yashin kaf sun kai birni an buga bulo. Itatuwan bakinsa kuwa sun daɗe da zama gawayi. Famfon tuƙa-tuƙa da aka kafa lokacin neman ƙuri'a bai kai wani zaɓen ba, yanzu awaki ake ɗaurewa a jikinsa. Rijiyoyin cikin gida suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, har ya zama saura guda tal a unguwar, Rijiyar Tsamiya. Ita ma sai an lallaɓa ta kamar tsohuwa mai ciwon baya: guga ya sauka, a yi ta jira, ya fito rabi. Mai Unguwa Rufa'i ya raba lokaci, mata da safe, shanun Jibrin Bafulatani da rana, 'yan butocin masallaci kuma in an kira salla. Wanka ya koma sai Juma'a, har in liman ya ce a haɗa sahu a matso, kowa sai ya yi kamar bai ji ba.

A wannan unguwa Mujitaba yake. Ya bar makaranta tun yana aji biyu na sakandare, bisa hujjar cewa malaman sun fara maimaita masa abin da ya riga ya sani. Ya taɓa zuwa Kano ya riƙe wa masu haƙar burtsatse tiyo na ɗan lokaci, ya dawo da hular kwano mai ruwan ɗorawa wadda har yau ba a san ko ba shi aka yi ba. Tun daga ranar ya hana a kira shi da sunansa zalla, sai an ce Injiniya.

Wata safiya Mai Unguwa ya tara maza a gindin tsamiyar, mata na gefe a layin jarkoki suna kasa kunne. Ya ce laka ta cika rijiya, dole a yi gayya a yashe ta kamar yadda iyaye ke yi: mutum ya sauka da diga, a riƙa zura masa bokiti yana cikawa ana janyewa, sannu a hankali har a tarar da idon ruwan. Ya tambayi wanda zai fara sauka. Samari suka duƙufa kallon yatsun ƙafafunsu.

Sai Mujitaba ya miƙe, ya karkata hular kwano.

"Ranka ya daɗe, yasa da hannu? A wannan zamanin? Ai in mutanen Dangora suka ji, dariya za su yi mana har damina."

"To kai me ka gani?"

"Rijiya kamar hanci take, ranka ya daɗe. Wannan mura ce ta kama ta, ido ya toshe. Mai mura kuwa ba a sa masa tsinke ana sakata, fyacewa yake yi. A ba ni injin ban-ruwa in zuƙe ruwan da lakar a tashi ɗaya. Kafin la'asar, wallahi sai an riƙa riƙe yara kada ruwa ya tafi da su."

Daga layin mata aka ji muryar Gwaggo Safara'u, yayar mahaifinsa, mai kokon unguwar, wadda ba a taɓa gama magana da ita aka tashi da riba ba.

"Kai ɗan nan, ruwan da ke cikin fa? Shi ke nan gare mu yau da gobe. In ka zuƙe, ina za ka kai shi? Aljihunka?"

"Gwaggo, ko ɗigo ba zai taɓa ƙasa ba. Tafkin zamani zan yi masa. Ke dai ki tanadi guɗa."

"Guɗar da na tanada ranar da ka gyara mini rediyo har yanzu tana nan, ban samu na yi ta ba."

Aka yi dariya, amma samarin da ba sa son sauka rijiya suka mara wa Injiniya baya da ƙarfi, kowa na cewa ai ilimi ba ƙarya ba ne. Mai Unguwa ya duba bai ga mai sauka ba, ya ce, "To, Allah ya sa a dace. Amma ka sani ruwan jama'a ne a hannunka."

Inji dai na Ɗahiru ne, taubashin Mujitaba, wanda lambunsa ya riga ya bushe don fadamar ma ta daina ba da ko ɗigo.

"Bawana, ɗauko injin nan ka biyo ubangidanka," in ji Mujitaba. "Yau zai yi aikin da za a sa shi a tarihi."

"In ka kashe mini shi, kai zan ɗaura wa tiyo a baki ka riƙa zuƙo mini ruwa," in ji Ɗahiru. Amma ya ɗauko, don shi ma yana son ganin ƙarshen abin.

Saura tafki. A gefen rijiyar akwai wani rami da aka haƙi ƙasar gini, abin da ake buƙata kawai shimfiɗar da za ta hana ruwa tsiyayewa. Mujitaba ya san inda zai samu. Alhaji Tasi'u dillalin barkono ya tafi kasuwar Tudun Wada tun da sassafe, ga kuma wani ƙaton tamfol a naɗe a zaurensa. Injiniya ya yi sallama a hankali yadda ba mai amsawa, ya saɓa ya fito. Tamfol ɗin nan kuwa a kansa ake shanya barkono, a kansa ake bugunsa in ya bushe, shekara da shekaru, kuma bai taɓa ganin wanki ba. Kowane lungu na naɗinsa cike yake da garin barkono ɗan munci.

Yana warware shi a cikin ramin ya saki atishawa, ya sake, ya kuma, har hular kwano ta faɗi.

"Lafiya?" in ji Ɗahiru daga bakin rijiya.

"Ƙura ce. Kai dai haɗa tiyo."

Tiyon bai kai ruwa ba. Aka aro wani guntu, aka haɗa, aka naɗe mahaɗar da robar tayar keke. Mujitaba ya naɗe hannun riga, ya tofa bisimilla da ƙarfi don a ji, ya fizgi igiyar inji. Inji ya yi tari, ya tashi, ya yi ta kuka kamar ɗan akuyar da aka raba da uwa, amma ko danshi bai fito ba.

"Sai an ɗura masa ruwa tukuna," in ji Ɗahiru. "Ba ya ja da busasshen ciki."

Mujitaba ya waiga. Jarkar da ta fi kusa ta Gwaggo Safara'u ce, wadda ta sha layi tun asuba kafin ta cika ta.

"Gwaggo, ara mana."

"Wane irin inji ne wannan, sai ka ba shi ruwa sannan ya ba ka? Ai wannan ɗan siyasa ne."

"Kimiyya ce, Gwaggo. Yanzu zan mayar miki da randa."

Aka ɗura. Inji ya shanye, mahaɗar roba ta yi tusa, ruwan ya koma rijiya. Aka ƙara naɗe roba, aka ɗauki jarkar wata mata, ita ma ta bi sahu. A ta uku sai tiyo ya kumbura, ya yi wata miƙa kamar mesa ta farka. Mujitaba ya manta bai sa kowa ya riƙe bakin da ruwa zai fita ba. Bakin tiyo ya tashi sama, ya yi dube-dube, ya zaɓi Mai Unguwa. Baƙar laka ta daki ƙirjin farar babbar rigarsa, ta ɗauke masa hula ta kai ta gindin tsamiya.

"Alhamdu lillahi!" in ji Mujitaba da ƙarfi. "Ranka ya daɗe, kai ka buɗe aikin! Ko a birni haka ake yi, babba ake fara ba wa!"

Mai Unguwa ya tofar da abin da ya shiga bakinsa. Aka danne tiyo aka saita shi cikin tamfol. Ruwa ya kama zuba, shaaa, jajir da shi. Ba wanda ya damu da launin, ƙasar Gangare dama ja ce. Mutanen da suka daɗe ba su ga ruwa na gudu ba suka ruɗe. Wata ta rangaɗa guɗa. Mujitaba ya hau kan bakin rijiya ya riƙe ƙugu.

"Wannan somin-taɓi ne! In na gama da nan, Kiru zan nufa, daga can Bebeji. Doguwa ma sun aiko, na ce su bi layi. Nan gaba kaɗan shinkafa za mu shuka a ƙofar masallaci. Gwaggo, kifi za ki koma soyawa!"

Bai rufe baki ba ruwan ya fara kauri. Ya zama kunu, ya zama tuwo. Kukan inji ya sauya, ana jin wani ƙaras-ƙaras a cikinsa.

"Kashe shi!" in ji Ɗahiru. "Yashi yake sha!"

"Majinar ce ke fita, bagidaje. Yanzu aka zo wurin." Ya ture hannun Ɗahiru ya ƙara wa inji wuta.

Inji ya yi ta zuƙar yashin da ke riƙe da gindin bangon rijiya. Can sai aka ji wani sauti daga ƙasa, rif, kamar an yar da buhun masara daga kan mota. Ƙura ta taso daga bakin rijiya. Inji ya shaƙe, ya yi tari biyu, ya mutu.

Kowa ya leƙa. Inda ruwa yake ɗazu, tulin ƙasa ne zaune, gefen bango ya zabtaro ya binne idon gaba ɗaya.

"Ina ruwan da zai tafi da yara?" in ji Gwaggo Safara'u.

"Rijiyar hutawa take yi. Ke in kika fyace hanci da ƙarfi ba kya ɗan tsayawa? Ku ba ta lokaci. Kafin nan ga ruwanku can, ko ɗigo bai zube ba, kamar yadda na yi alkawari."

Ya ciro ƙullin alif daga aljihu, ya daka, ya barbaɗa a tafkinsa, ya motsa da sanda yana ƙunƙuni kamar mai tofi. Gaskiya dai ita ce, da rana ta karkata laka ta kwanta, ruwa ya yi garau, sai ɗan ja-ja da ya rage a samansa. Zukata suka ɗan sanyaya. Ko ba komai, ga ruwa a fili ba sai an ja guga ba.

Sai ga Jibrin ya iso da shanunsa, lokacinsu ya yi. Ya gaida Mai Unguwa, ya dubi rijiya, ya dubi tafki, ya ɗebi bokiti ya zuba a kwami. Babbar saniyarsa, wadda tun jiya ba ta sha ba, ta taho da sauri ta tsoma baki. Ta ɗago. Ta yi wani huci, ta girgiza kai, ta ɗaga wutsiya sama ta yanki daji kamar mai komawa dajin Falgore, sauran suka rufa mata baya.

"Kay!" in ji Jibrin. "Injiniya, me ka sa a ruwan nan?"

"Tsabta. Shanunka sun saba da ruwan kwatami, yau sun ga na birni sun tsorata. Ƙauyanci ne."

"Ni dai naggena ba ta taɓa yi mini ƙarya ba," in ji Jibrin. Ya saɓa sanda ya bi dabbobinsa da gudu.

Ana cikin haka ladan ya kira la'asar. Mujitaba ya ga dama ta samu ta wanke laifin babbar riga. Ya tattaro butocin masallaci da kansa, ya cika su fal, ba rabi-rabin da aka saba ba. Ya durƙusa ya miƙa ta farko ga Mai Unguwa, ta biyu ga liman.

"Allah gafarta Malam, yau a yi alwala a wadace. A wanke ko'ina sau uku-uku, ba tsoro."

Dattawa suka karɓa suna sa albarka. Kamar yadda aka saba, mafi yawansu suka fara zagayawa bayan katanga don kama ruwa.



Wanda ya fara fitowa Mai Unguwa ne. Ya fito ba buta, yana tafiya ƙafa a warware kamar mai tsallake kwata, idanunsa waje. Ya tsaya, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya sauke, ya ɗaga ɗayar. Sai ya kama fifita da gaban babbar riga.

"Inna lillahi," ya ce a hankali. Sannan da ƙarfi, "Inna lillahi!"

Daga bayan katanga salati ya tashi ta ko'ina. Wani tsoho da ya shekara yana dogara sanda ya fito a guje ya bar sandar a can. Wani ya zauna daɓas a cikin yashi yana jan jiki. Liman, wanda shi da fuska ya fara, yana tsaye ido rufe yana laluben iska yana cewa, "Jama'a, wa ya kashe rana?" Ladan ya kurkure baki ya shaƙa a hanci, don haka shi ba ya ma iya magana, sai atishawa da nuna sama.

"Alif ne!" in ji Mujitaba yana ja da baya. "Ƙwayoyin cuta yake kashewa! Duk inda kuka ji zafi, to akwai cuta a wurin!"

"Ni za ka gaya wa inda nake da cuta?" in ji Mai Unguwa yana tsalle a wuri ɗaya.

Gwaggo Safara'u ta tsoma yatsa a tafkin, ta ɗanɗana, ta tofar.

"Ɗan nan, ruwa muka ba ka ko miya muka sa ka? Saura daddawa da gishiri!"

Daidai nan babur ya tsaya. Alhaji Tasi'u ne ya dawo daga kasuwa. Ya sauka yana duban ramin, ya kama gefen shimfiɗar ya murza.

"Wane ɗan albarka ne ya shiga zaurena ya ɗauko tamfol ɗin barkonona?"

Duk wanda idonsa ke buɗuwa ya juya ya dubi hular kwano.

Mujitaba ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ya nufi gabas, mata sun tare da jarkoki. Ya juya yamma, ga dattawa na tahowa, tafiyar dai ba kyau amma sanduna a sama. Ta kudu ga Jibrin ya dawo, numfashi sama-sama, ba saniya ko ɗaya. Hanya guda ta rage. Ya daka tsalle ya kama tiyon da ke rataye a rijiya ya sulale. Yana isa mahaɗa roba ta ce ba da ni ba. Aka ji tim, sannan aka ji hular kwano ta bi bayansa tana ƙara.

Ɗahiru ya janye ragowar tiyonsa a natse ya naɗe.

Kawuna suka kewaye bakin rijiya. Can ƙasa ga Injiniya zaune a kan tulin ƙasa, lafiyarsa ƙalau, yana kallon sama.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "na sauko duba aikin ne. Na ga matsalar. Ƙarama ce. A zuro igiya in hau in yi muku bayani."

Mai Unguwa ya leƙo, har yanzu yana fifita.

"Da safe na tambayi wanda zai fara sauka, ba wanda ya amsa. Ashe kai Allah ya zaɓa. A kawo diga da bokiti."

"Ranka ya daɗe, ni fa ɓangaren inji na karanta."

"Igiyar da za ta fito da kai tana nan," in ji Gwaggo Safara'u, "a hannuna take. Bokiti zai riƙa sauka yana hawa. Ranar da ya hau da ruwan da saniyar Jibrin ta yarda da shi, kai ma ka hau."

"Gwaggo, ni ne fa. Ɗan ƙaninki."

"Shi ya sa ban ce a rufe bakin rijiyar ba."

"To ai ba a aiki da ƙishirwa. Tun safe ban sa komai a maƙogwarona ba. A taimaka mini da na sha tukuna, sannan a yi maganar diga."

"Wannan gaskiya ne," in ji ta. "Ba za a ce mun zalunce ka ba."

Ta ɗauki butar Mai Unguwa da aka tsinto a bayan katanga, ta cika ta fal daga tafkin zamani, ta ɗaura a igiya ta zura masa a hankali kada ta zube. Mujitaba ya karɓa. Ya dubi butar, ya dubi fuskokin da ke sama.

"Ai ruwan ba shi da laifi," ya ce. "Ku ne ba ku saba ba. Ku gani."

Ya kafa kai ya yi kurɓa uku manya.

 Sai wani tari ya taso daga ƙasa, ya bugi bango ya dawo, har tsuntsayen kan tsamiya suka watse. Da ya lafa, aka ji wata 'yar siririyar murya, ba ta Injiniya ba, ta Mujitaba zalla.

"Ranka ya daɗe... a zuro digar."